GIDAN MAKOKI BA KASUWA BA NE: Abin da gardamar fim ɗin malamin ƙarya ta tona mana



Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure daga Tanut, da Belbeji, da Gangara, da Tarka, da Olelewa, da waɗanda ci-rani ya kai Agadas, ko Kano, ko bayan hamada: yau za mu ɗan jingine karatunmu na hukunce-hukuncen jana'iza, mu tsaya a kan wata gardama da ta faro daga fadar matasa, ta bi ta cikin gidaje, har ta iso ƙofar masallaci. Rubutun yana da tsawo. Ina roƙon a daure a kai ƙarshensa kafin a yanke masa hukunci.

Asalin maganar wani fim ne na Hausa da ke yawo daga salula zuwa salula. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada darasi ya koma talla. Labarinsa a taƙaice shi ne: wani baƙo mai babban rawani da dogon carbi ya sauka gidan wani mamaci ranar uku, ya yi kuka fiye da masu gida, ya ce shi aminin marigayi ne tun a wajen nema. Bayan ƴan kwanaki ya zo wa matar marigayin da mafarki: wai ya ga mijinta cikin ƙunci saboda wani bashi, kuma ba zai samu sauƙi ba sai an biya ta hannunsa, an ƙara da sadaka. Ta sayar da awakinta, ta buɗe rumbun marayu. Daga baya aka nuna cewa shi ma baƙon ya taɓa binne ɗansa, kuma wannan ciwo bai bar shi ba. Fim ya ƙare yana durƙushe a maƙabarta yana kuka.

Ba tsarin fim ɗin ya dame ni ba, kuma ba na kiran kowa ya je ya kalla. Matsayin malamanmu a kan kiɗa da rawa da cuɗanyar maza da mata da ke cikin yawancin waɗannan finafinai sananne ne, ban zo in sauya shi ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda mutane suka karɓe shi. Na saurari kashi huɗu, kuma kowane kashi ya nuna wani abu game da mu kanmu.

KASHI NA FARKO: MASU DARIYA

Matasa da yawa sun ɗauke shi abin nishaɗi. Suna kwaikwayon yadda baƙon ke jan carbi yana lumshe ido, suna yi wa matar dariya, suna cewa wauta ce ta ci ta.

Ya ku ƴaƴana da ƙannena, wanda bai taɓa wanke gawar nasa ba ya yi hattara da wannan dariya. Magabata sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Baƙin cikin rashi ba wauta ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙuba (A.S) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 84, alhali shi Annabi ne ɗan Annabi. Manzon Allah (S.A.W) ya rungumi ɗansa Ibrahimu yana gargarar mutuwa, hawaye suna zuba daga idanunsa masu albarka, ya bayyana wa Abdurrahman ɗan Aufu cewa wannan rahama ce. Idan zukatan Annabawa sun ji zafin rashi, ina ga baiwar Allah da ta wayi gari da marayu biyar, da rumbu guda, da damina mai nisa?

Ɗan damfara bai fi mai makoki wayo ba. Lokaci kawai ya iya zaɓe. Yana zuwa ne sa'ad da barci ya ƙaurace, tunani ya rarrabu, mutum yana neman duk abin da zai yi wa mamacinsa don zuciyarsa ta lafa. Mai dariya a yau bai san halin da za a same shi a ciki ba ranar da nasa ya faɗi. Kuma dariyar tana da wata illa da ba a lura da ita: ita ce ke sa wanda aka cuta ya rufe bakinsa don kunya, macucin kuma ya wuce gari na gaba da rawaninsa.

KASHI NA BIYU: MASU FUSHI

Wasu dattawa da almajirai sun fusata ƙwarai. Suka ce an ci mutuncin rawani, an mayar da carbi abin wasa, ana koya wa yara raina malamai. Wannan kishi ne mai kyau a asalinsa, ina girmama shi. Kuma ba yau aka fara sa-in-sa tsakanin masu fim da malamai ba: a Kano an kafa hukumar tace finafinai tun 2001, a 2016 kuma aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai da jama'a sun nuna ƙin amincewa. Ba a rasa finafinan da suka wuce gona da iri, wannan gaskiya ce.

Amma ina tambayar ƴan'uwana masu fushi: wa ya fara tona asirin masu cin dukiyar mutane da rigar addini? Alƙur'ani ne. A Suratut Tauba aya ta 34 Allah Ya faɗakar da muminai cewa da yawa daga malaman Yahudu da masu ibadar Nasara suna cin dukiyar mutane ta hanyar ƙarya. Malaman tafsiri sun ce ba a ba mu labarin don mu yi musu dariya ba, an ba mu ne don kada mu bi sawunsu.

Malamanmu na wannan yanki ma ba su ɓoye ba. Shehu Magili, wanda ya ratsa ƙasar Abzin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, a cikin amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Songai ya rarrabe tsakanin malaman gaskiya da miyagun malamai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817), wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta Nijar ta yau, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Babu wanda ya ce Shehu ya ci mutuncin malamai. Tsarkake sunansu ya yi.

Ga kuma abin da na fi so almajirai su tuna. A zaurukan karatunmu, daga Damagaram har Kano da Katsina, ɗalibin da ya yi nisa a lugga yakan kai ga Maƙamatul Hariri. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu shekara ta 516 bayan Hijira, wato 1122. Maƙamominsa hamsin duka a kan mutum ɗaya suke, Abu Zaidi Assaruji, gwanin magana kuma gwanin damfara. A maƙama ta farko, ta birnin San'a, ya yi wa'azi mai ratsa zuciya, aka tara masa kuɗi, mai ba da labari ya bi shi a ɓoye har cikin wani kogo, ya tarar da shi gaban gurasa da gasasshen ɗan akuya da abin sha mai sa maye. A ta goma sha ɗaya, a maƙabarta ya tsaya, ana binne gawa, ya tunatar da mutane mutuwa har zukata suka karaya, sannan ya miƙa hannu aka cika masa. Sai a ta hamsin, a Basra, ya tuba. Shekara ɗaruruwa ke nan malamai masu tsoron Allah suna karantar da labarin ɗan damfaran da ke wa'azi a bakin kabari, ba su ga cewa ya rage wa malanta daraja ba. Sun san kura ce da fatar akuya ake nunawa, ba akuyar ake zagi ba.

A fagen fim ɗin ma ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Umaru Ganda, ɗan Nijar da ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972, ya yi fim mai suna Saitane a kan wani malamin ƙauye da ya mayar da martabarsa hanyar ɓarna. Kuma ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. Waɗanda suka yi lakwal sun san wasan Tartuffe na Molière, labarin munafukin da ya shiga gidan wani attajiri da siffar mai ibada. An fara nuna shi a Faransa a 1664, manyan coci suka tayar da ƙura, aka hana shi, sai a 1669 aka sake shi. Wole Soyinka na Najeriya ma ya rubuta wasa a kan Jero, mai da'awar annabcin ƙarya a bakin tekun Legas. Duk inda addini yake da daraja a zukata, akwai mai buga jabunsa, domin ba a yin jabun kuɗin da ba ya sayen komai.

Saboda haka fushinmu ya nufi inda ya dace. Wanda ya ci mutuncin rawani shi ne wanda ya naɗa shi ya shiga gidan marayu ya fito da awakinsu. Idan muka yi shiru a kansa, muka ɗaga murya a kan wanda ya nuna hotonsa, yaranmu za su karanta shirunmu, kuma abin da za su fahimta ya fi kowane fim illa ga malamai.

KASHI NA UKU: MASU RUƊANI

Waɗannan su ne suka fi ba ni tsoro, ko da yake muryarsu ba ta da ƙarfi. Wani ɗalibi mai hankali ya ce mini: “Malam, ai matar ta samu natsuwa. Ta yi barci bayan ta biya. Idan ƙarya ta kwantar da hankali, mene ne laifinta? Kuma ta yaya zan bambance addu'ar da ta yi amfani da wadda kawai ta sanyaya zuciya?” Wani kuma ya ce shi tausayin ɗan damfaran ya kama shi, tunda shi ma ya rasa ɗa, kuma ya yi kuka a ƙarshe.

Amsa ta farko tana cikin abin da ya faru ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah (S.A.W) ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, bai kai shekara biyu da haihuwa ba. A ranar rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwar Ibrahimu ne. Ku duba wannan dama: uba yana cikin baƙin ciki, jama'a sun kawo wata fassara da za ta ƙara masa girma a idonsu, ta kuma sanyaya zukata. Shiru kawai zai yi, maganar ta zauna. Bai yi shiru ba. Ya tsaya ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurce su da salla da addu'a. Buhari da Muslim sun ruwaito. Wannan shi ne ma'auni: mai gaskiya yana ƙin ƙaryar da za ta amfane shi ko da a ranar makokinsa, maƙaryaci kuwa makokin wasu ne gonarsa.

Natsuwar da aka saya da ƙarya bashi ce, kuma marayu ne za su biya. Matar ta yi barci a watan da aka yi rasuwa, amma idan bazara ta tsananta, rumbu ya zama wayam, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwar Tanut ko ta Bakin Birji, wa zai yi barci? Mu mutanen Damargu mun san abin da rumbu yake nufi. Iyayenmu sun ga 1973 da 1984, mu kuma mun ga 2005. Wanda ya buɗe rumbun marayu da mafarkin ƙarya ya ɗauki abincinsu na watannin wahala ne. Kuma ranar da gaskiya ta fito, ba dukiya kaɗai ta tafi ba: yaron da ya ga an cuci uwarsa da sunan Allah yana iya girma da shakkar duk mai ambaton Allah. Wannan ita ce asarar da ta fi girma.

Game da hawayen ɗan damfara kuwa, ku koma Suratu Yusuf aya ta 16 zuwa 18. Ƴan'uwan Yusufu da kuka suka zo wa mahaifinsu da dare, riga a hannu da jinin ƙarya. Hawaye ba shaida ba ne. Ƙofar tuba a buɗe take ga kowa, ba mu rufe ta ga kowa ba. Sai dai malamai sun haɗu a kan cewa idan zunubi ya shafi haƙƙin bawa, bayan nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa, akwai sharaɗin mayar da haƙƙi ga mai shi ko neman yafewarsa. Fim ya yafe wa mutumin da kiɗa mai taushi da durƙuso a maƙabarta. Shari'a tana tambaya: ina awakin? A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (S.A.W) ya siffanta mataliaucin gaskiya da wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan, ya zagi wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a ɗora masa zunubansu. Rashin ɗa da ya same shi abin tausayi ne, amma ba lasisi ba ne. Wanda ya ɗanɗani zafin rashi shi ya fi cancanta ya ji tsoron ƙara wa wani.

KASHI NA HUƊU: MASU SHIRU

Akwai waɗanda ba su yi dariya ba, ba su yi fushi ba, ba su yi tambaya ba. Yawancinsu iyayenmu mata ne. Sun yi shiru ne domin ba fim suka gani ba, ɗakinsu suka gani.

Wata gwaggona, Allah Ya ji ƙanta, ta taɓa faɗa wa irin wannan hannu bayan rasuwar mijinta. Tunkiya biyu da damman gero masu yawa suka tafi kafin mu farga. Da na je ina yi mata faɗa da zafin ƙuruciya, sai ta dube ni ta ce: “Ɗana, na fara zarginsa tun zuwansa na biyu. Amma bayan sadakar bakwai duk kun watse. Shi kaɗai ne ke zuwa ya zauna a ƙofar ɗaki ya ambaci sunan Malam, ya tambaye ni yadda na kwana.” Ban samu abin cewa ba, kuma har yau maganar ba ta bar ni ba.

Ya ku jama'ar masallaci, a nan ne laifin ya dawo kanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muna cika gidan makoki kwana uku, mu sha shayi, mu yi hirar kasuwa da siyasa, wani lokaci ma mu zama nauyi a kan masu gida, alhali da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8, umurnin Annabi (S.A.W) shi ne a dafa wa iyalansa abinci, ba su dafa wa mutane ba. Daga nan sai mu watse. Mai takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ke gabanta, kamar yadda Suratul Baƙara aya ta 234 ta hukunta, ko har ta haihu idan tana da ciki. Wa ke leƙa ta a wata na biyu? Wa ke tambayar abin da ya rage a rumbu a wata na uku? Wannan gurbin da muka bari shi ɗan damfara ke shiga.

Kuma a yankinmu akwai wani makoki da ba shi da ranar uku balle ta bakwai: makokin wanda ya tafi bai dawo ba. Hanyar da ta ratsa garinmu daga Damagaram zuwa Agadas ta ɗauki ƴaƴanmu da yawa zuwa Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya irin su Jado. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jiharmu, har ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗancan an gan su, an binne su. Akwai uwayen da har yau ba su ga gawa ba, ba su ji murya ba. Su ne abincin mai bugun ƙasa da ke cewa “yana raye, an ɗaure masa ƙafa ne, kawo baƙin bunsuru”, da mai kiran salula daga lambar da ba a sani ba yana cewa “ɗanku yana hannunmu, ku turo jika ɗari”. Alhali fiƙihunmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara ga mahukunta, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mutuwa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Hanya ce mai tsawo, amma tana da ƙarshe. Hanyar boka ba ta da ƙarshe sai aljihu ya ƙare.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Don kada magana ta tsaya a kan fim, ga abubuwan da nake roƙon kowane liman da kowane magidanci ya riƙe.

1. Mafarki ba ya tabbatar da bashi. Gaskiya ne bashi yana da nauyi a kan mamaci. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya, kuma da wannan gaskiyar ce macuci ke farauta. Amma ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Malaman Malikiyya ma sun ƙara tsanani idan da'awar a kan mamaci ce, tunda ba ya nan balle ya kare kansa: bayan shaidu, sai mai da'awa ya rantse cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba. Idan wani ya kawo labarin Sabitu ɗan Ƙaisu, sahabin da ya yi shahada a Yamama aka zartar da wasiyyarsa bayan an gan shi a mafarki, a tuna masa cewa sai da aka je aka samu sulkensa a inda aka siffanta, kuma Halifa Abubakar (R.A) ne ya zartar, ba mai mafarkin ya karɓa ya sa aljihu ba. A kuma tuna masa hadisin Buhari a kan wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba: za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, kuma ba zai iya ba.

2. Dukiyar mamaci tana da jeri: kuɗin jana'iza gwargwadon buƙata, sai bashin da ya tabbata, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sai rabon gado. Ba zan buɗe saɓanin da ke tsakanin malamanmu a kan sadakar uku da bakwai da arba'in ba a nan. Amma duk ɓangarorin sun yarda da abu ɗaya: ba a yin sadaka da rabon maraya. Baligi ya bayar daga nasa idan ya so. Suratun Nisa'i aya ta 10 ta kamanta cin dukiyar marayu bisa zalunci da cusa wuta a ciki.

3. Babu wanda ya san halin da mamaci ke ciki a kabarinsa. Gaibu na Allah ne, Suratun Namli aya ta 65 ta yanke wannan. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Duk wanda ya ce ya ga makomar mamacinku, kuma gyaranta yana hannunsa a kan farashi, ku sallame shi.

4. Mu bambance malamin gaskiya da ɗan kasuwa. Ba haramun ba ne a yi wa malami alheri, sahabbai sun karɓi tumaki bayan ɗayansu ya yi wa wani shugaban ƙabila ruƙya da Fatiha, Annabi (S.A.W) kuma ya tabbatar musu. Amma malamin gaskiya ba ya tsoratarwa don a biya, ba ya cewa “kada ki faɗa wa kowa”, ba ya gaggauta mutum, ba ya ƙin a kira liman ko dangi su ji. Sirri da gaggawa da tsoratarwa, duk inda suka haɗu, to a kama jaka da kyau.

5. Abin da ke isa ga mamaci a fili yake kuma ba ya buƙatar dillali: addu'ar ɗa nagari, da sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, kamar yadda ya zo a hadisin Muslim. A ƙasa irin tamu, gyaran rijiya ko dasa itace mai inuwa ko ciyar da almajiri ya fi bunsurun da za a kai wa wanda ba a san asalinsa ba.

6. Mu rubuta basussukanmu tun muna raye. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɗan kasuwar da ke hulɗa tsakanin Tanut da Kano ko Agadas, da mai ba da kiwon bisashe, ya ajiye takarda, ya sanar da mutum biyu amintattu. Takarda guda tana rufe bakin maƙaryata goma.

7. Kowane masallaci ya wakilta dattawa biyu ko uku, tare da mata masu hankali da za su iya shiga wurin mai takaba, su riƙa duba gidan da aka yi rashi har takaba ta ƙare. Duk mai da'awar bashi a tura shi wurinsu, a gaban liman ko mai gari. Wannan ba ya buƙatar kuɗi, ƙafa kawai yake buƙata. Buhari ya ruwaito cewa mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da miskini kamar mai jihadi ne a tafarkin Allah.

8. Wanda aka cuta kada a yi masa gori. A taimake shi ya kai ƙara ga sarakunan gargajiya ko jandarma, domin damfara laifi ce a dokar ƙasa kamar yadda take a shari'a. Rufa asirin mai zunubin da ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa abu ne mai kyau. Rufa asirin mai farautar marayu kuwa taimaka masa ne a kan gida na gaba.

Daga ƙarshe, ƴan'uwa, nan da ƴan makonni za a manta da wannan fim, wani ya maye gurbinsa a salular yara. Amma a unguwarku yanzu haka akwai mai takaba da ta kwana biyu ba wanda ya yi mata sallama. Bayan sallar La'asar ta yau, maigida ya tura iyalinsa su gaishe ta, shi kuma ya tambayi waliyyin marayun halin da rumbu ke ciki. Idan mun riga macuci isa ƙofar, ba zai samu wurin shimfiɗa buzunsa ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, kuma ina maraba da gyaran malamaina. Allah Ya ji ƙan mamatanmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya bayyana waɗanda suka ɓace, Ya ba masu takaba haƙuri, Ya raya marayu rayuwar albarka, Ya shiryi masu cin dukiyar mutane da sunansa ko Ya kare mu daga sharrinsu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani.

A tura wa ƴan'uwa, musamman a karanta wa iyayenmu mata da ba sa karatun boko.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.